Aiki a Manyan Kamfanonin Fasaha: Lissafin da Ke Gaban Ɗan Batsari da Ɗan Safana

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana. An yi haka ne don a toshe wa 'yan bindigar dajin Rugu hanyar jin ta bakin masu kai musu rahoto. Sai da aka shiga Disamba kafin sabis ya fara dawowa. A waɗannan watanni mai POS ya kulle rumfarsa, mai cajin waya ya rage kunna janareta, wanda kuma yake son jin muryar ɗansa da ke Legas sai ya shiga mota ya nufi Katsina, ya yi 'yar gajeriyar magana ya juyo. Matashin da ke koyon rubuta manhaja ta YouTube kuwa, karatunsa tsayawa ya yi cak.

Daga irin wannan wuri ake yin tambayar da wasu za su ɗauka ta 'yan birni ce: ya dace mutum ya ajiye aikin da ke hannunsa ya nemi shiga babban kamfanin fasaha? Masu tambayar suna nan, kuma ƙaruwa suke yi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 a maƙwabtan Safana, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a birnin Katsina, duk shekara suna yaye masu ilimin kwamfuta. Wani ya gama bautar ƙasa ya kama koyarwa a sakandare. Wani yana shagon yi wa ɗalibai rajistar JAMB. Wani ya samu ɗan ƙaramin kamfani a Kano ko Abuja, inda shi ne mai rubuta manhaja, shi ne mai gyaran firinta, wani lokaci ma shi ake aika banki. Kusan kowannensu ya taɓa jin labarin wani ɗan ajinsu da aka ce "ai yanzu dala yake karɓa", kuma labarin ya hana shi barci.

Kuɗin ne farkon abin da ke jan hankali, kuma babu abin kunya a cikin faɗar haka. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, ba a fita daga Fabrairun 2024 ba sai da dala ta haura naira 1,500. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wato naira 70,000, bai kai dala 50 ba a wancan farashi. Malamin makarantar da ke karɓar albashinsa da naira ya wayi gari kuɗinsa sun narke a hannunsa, ga shi an cire tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023. Wanda ake biya da kuɗin waje kuwa, faɗuwar nairar ƙari ta zame masa ba tare da an ɗaga masa girma ba.

A Batsari da Safana wannan lissafi ya fi nauyi, domin albashin ba na mutum ɗaya ba ne. Ƙasar Batsari ta yi suna wajen rogo da dankali, amma shekarun nan gonaki da yawa na bakin daji sun gagara zuwa. Bayan hare-hare irin na Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, inda aka kashe mutane kusan 30, iyalai sun yi ta kwararowa cikin gari, wasu a makarantun firamare, wasu a gidajen 'yan uwa. Gidan da a da yake cin abin da ya noma ya koma awo a kasuwa. A irin wannan gida, ɗan da ya yi boko shi ne kuɗin hayar ɗaki, shi ne buhun masara, shi ne asibitin gyatuma, shi ne rajistar ƙanne. Idan ya ce yana neman inda ya fi biya, ba kwaɗayi ba ne. Nauyi ne ya hau kansa.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa masu sha'awar ba. Manyan kamfanoni suna yanka albashi gwargwadon inda ma'aikaci yake zaune, saboda haka adadin da ake gani a intanet na injiniyan Kaliforniya ba shi ake bai wa na Legas ba. Wani kaso na kuɗin kuma hannun jari ne, wanda a al'adar kamfanonin ba ya zama na mutum sai kaɗan-kaɗan, galibi cikin shekara huɗu. Wanda aka sallama a shekara ta biyu ya bar sauran a baya. Ga hayar gida a Legas da ake biya ta shekara gaba ɗaya. Sannan ga wani haɗari da ɗan Ibadan ba ya sa shi a lissafi: a yankin da masu garkuwa da mutane ke yanka kuɗin fansa bisa abin da suka ji dangi na da shi, jin cewa ɗan gidan wane yana aiki da Turawa yana iya jawo wa tsohonsa ido. Shi ya sa mai hankali a can yake turo saƙo a ɓoye, yake kuma hana ƙannensa yaɗa hotunansa.

Dalilin da ya fi kuɗi ƙarfi, kuma ya fi shi daɗewa a hannu, shi ne koyo. Wannan shi ne abin da ƙaramin wurin aiki ba zai iya bayarwa ba ko da ya so.

A ɗauki matashin nan da ke ƙaramin kamfani a Kano. Ya rubuta manhajar biyan kuɗin makaranta, ya ɗora ta, ta yi aiki, maigida ya sa masa albarka. Babu wanda ya duba abin da ya rubuta, domin babu wanda ya fi shi sani a ofishin. Kuskuren da ya yi bana shi zai maimaita baɗi, yana ganin gwaninta ce. A babban kamfani, layi ashirin da ya rubuta ba za su shiga cikin manhaja ba sai wani ya karanta su ya amince. Za a dawo masa da su ɗauke da tambayoyi: idan mutum dubu ɗari suka danna wannan maɓalli a lokaci guda fa? Idan sabis ya yanke bayan kuɗi sun fita daga asusun mai turawa amma ba su isa wancan ba fa? Ina gwajin da ke nuna ba ka ɓata wani wuri ba? Zai gyara, a sake dawo da shi, ya sake gyarawa. Akwai makon da waya za ta kwana a gefen matashin kansa, domin shi ke da juyin tashi idan wani abu ya lalace da tsakar dare. Idan an gyara matsalar kuma, sai a zauna a rubuta yadda ta faru da yadda za a hana ta sake faruwa, ba a tsaya neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Shekara biyu a cikin wannan horo suna canza yadda mutum yake tunani, kuma ba a iya karɓe masa su ranar da aka karɓe katin shaidarsa.

Mutanen karkara sun ga amfanin irin wannan ilimi da idonsu, ko da ba su san sunansa ba. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardun naira suka yi ɓatan dabo, kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar cunkoson. Mai sayen akuya ya tura, an cire masa, mai akuya bai gani ba, a tsaya ana rantse-rantse a tsakiyar kasuwa. A wannan lokaci ne OPay da Moniepoint da PalmPay suka kwashi jama'a, saboda nasu saƙon yana isa. Bambancin yana hannun injiniyoyin da suka san yadda ake gina abin da zai ɗauki miliyoyin mutane. Tosin Eniolorunda, wanda ya kafa kamfanin da ya zama Moniepoint a 2015, sai da ya yi shekaru yana aiki a Interswitch kafin ya fita ya kafa nasa. A Oktoban 2024 darajar kamfanin ta kai dala biliyan ɗaya, kuma asusun zuba jari na Google a Afirka yana cikin waɗanda suka sa kuɗi.

Arewa ma tana da nata misalin, ko da yake daga masana'antar mota ya fito. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya taɓa aiki a ma'aikatar ayyuka ta jiharsa, sannan ya tafi Detroit ya karanta zanen mota ya shiga General Motors a 1994. Sunansa ya fito ne da zanen motar Chevrolet Volt, kuma a 2017 aka dawo da shi gida ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Da ya zauna a teburinsa na ma'aikata da ya yi ritaya cikin mutunci, amma da ba a kira shi wannan aiki ba. Sunan babban kamfani a takardun mutum yana buɗe ƙofofi, kuma ga wanda ba ɗan kowa ba, wanda ba shi da kawu a Abuja, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nan ma akwai wani dalili da matasa ke yawan ambata, wato yadda ake ɗaukar aikin. Kowa ya san kukan da ake yi kan aikin gwamnati, har a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna yana binciken zargin sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya. Babban kamfanin fasaha ba ya tambayar takardar ɗan majalisa. Zai ba mutum matsala ya warware a gaban kyamara cikin minti arba'in da biyar, yana rubutu yana bayanin tunaninsa da Ingilishi, sannan a sake kiransa zagaye na biyu da na uku. Wannan adalci ne, amma adalcin da ke fara aiki bayan an iso bakin ƙofa. Ɗan unguwar Yaba ta Legas ya shiga intabiyu daga ɗaki mai wuta da intanet mai ƙarfi, bayan wasu da suka riga shi shiga sun nuna masa irin tambayoyin. Ɗan Runka ta ƙasar Safana yana yi yana kallon cajin kwamfutarsa, yana addu'ar kada datarsa ta ƙare ko hoton ya daskare. Basirarsu tana iya zama ɗaya. Abin da ke kewaye da su ne ya bambanta.

Harshe ma ya zama jari. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disambar 2013, Facebook ya bi baya a 2016, shekarar da Mark Zuckerberg ya zo Legas. Yanzu da ake tseren ƙirƙirarriyar basira, ana neman waɗanda za su koya wa na'ura Hausa, su gyara mata fassara, su tantance abin da ake wallafawa. Wannan aiki yana da muhimmanci ga yankin fiye da ko'ina. An ga bidiyoyin 'yan bindiga a TikTok suna baje kuɗi, an ga jita-jitar hari tana tayar da ƙauye cikin dare ta WhatsApp. Wanda ya tashi a Safana yana gane habaici da barazanar da ke cikin magana, abin da na'ura ko baƙon harshe zai wuce bai lura ba. Amma a sani, yawancin irin waɗannan ayyuka ba kamfanin da kansa yake ɗauka ba, 'yan kwangila ne, kuma su ne farkon tafiya idan an tashi rage kashe kuɗi.

Dalili mafi rauni shi ne wanda iyaye suka fi so: wai babban kamfani ba ya rushewa, saboda haka aikin na dindindin ne. Kamfanin ba ya saurin rushewa, gaskiya ne. Kujerar ma'aikaci ce ke rushewa. A Nuwamban 2022 Meta ya sallami mutum 11,000, ya ƙara 10,000 a Maris na 2023. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma jimillar tasa ta kai 27,000 cikin 'yan watanni. Da yawa daga cikinsu saƙon imel kawai suka tarar da asuba, kuma ba don sun yi laifi ba. Afirka ba ta tsira ba. Twitter ya buɗe ofishinsa na birnin Akra a farkon Nuwamban 2022, cikin 'yan kwanaki aka sallami kusan duk ma'aikatan bayan Elon Musk ya sayi kamfanin. Andela, wanda ya fara a Legas a 2014 yana horar da matasa, ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Satumban 2019, yana mai cewa kasuwa ta fi son ƙwararru. Microsoft ya sanar a 2019 cewa zai kashe dala miliyan 100 kan cibiyoyin injiniyoyi a Nairobi da Legas, ya buɗe ofishin Ikoyi a 2022, sai ga shi a Mayun 2024 ya tabbatar da rufe ɓangaren Legas.

Wanda zai ajiye aikin gwamnati saboda wannan tafiya ya kamata ya dubi waɗannan shekaru da kyau. Albashin gwamnati kaɗan ne, amma yana zuwa a shekarar da kasuwar hannun jari ta faɗi a Amurka. Ƙofar zuwa can ɗin ma ƙara matsewa take yi: a Satumban 2025 gwamnatin Donald Trump ta ɗora kuɗi dala 100,000 kan sababbin takardun neman bizar ƙwararru ta H-1B, wadda ita ce hanyar da injiniyoyin ƙasashen waje suka fi bi.

Saboda haka ya kamata a gyara ma'anar babban kamfani. Ga ɗan yammacin Katsina, Google da Meta suna can nesa, kuma kaɗan ne za su taka su kai tsaye. Na kusa su ne MTN, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2001, da Airtel da IHS mai kula da turakun sadarwa da Huawei da Interswitch da Moniepoint da OPay da sassan fasaha na bankuna. A cikinsu ma akwai tsari, akwai horo, akwai inshorar lafiya, akwai fansho na adashi kamar yadda doka ta tanada. Kuma ba duk aikin ne rubuta manhaja ba. Ana buƙatar mai kula da turakun sabis da batiransu da solarsu, mai tsaron bayanai, mai amsa ƙorafin abokan ciniki da Hausa, mai tafiyar da wakilan POS na shiyya. Wanda ya yi shekara uku a ɗayan waɗannan ya fi kusa da kamfanin ƙasar waje fiye da wanda ya zauna yana aika takardu daga shagon rajista.

To ko mutum zai iya yin aikin daga gida, ya huta da barin gari? A takarda, zai iya. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, sola kuma ta wadata a kasuwa. Ga mata musamman, wannan hanya ce mai kyau, domin matar aure a Katsina ko Dutsin-Ma tana iya riƙe aiki mai daraja ba tare da ta bar gidanta ba. Amma a ƙauyen da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe, farantin intanet da faifan sola a saman rufi talla ce ta cewa gidan akwai kuɗi. Kamfani kuma ba zai jira ma'aikacin da ya yi kwana uku ba a ji ɗuriyarsa ba saboda an gudu daji. An yi ta zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomin yankin a 2025, amma mutanen da suka ga yadda sulhun 2019 ya ƙare suna taka-tsantsan. A zahiri, mafi yawan masu wannan buri sai sun matsa Katsina ko Kano ko Abuja.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga yankin. Tafiyar ta yi kama da ci-rani, wanda iyaye da kakanni suka saba: ba a zuwa don a tare, ana zuwa ne don a samo abin da babu a gida, kuma mai wayo tun ranar da ya sauka yake shirin ranar komawa. Wanda ya shiga babban kamfani da wannan niyya zai tara ilimi, ya tara abokan sana'a, ya ajiye abin da zai riƙe gida wata shida ko fiye idan aka yi sallama. Wanda ya shiga da tunanin ya samu wurin ritaya shi ne zai sha mamaki. Akwai kuma tambayoyin da kowa zai amsa wa kansa kafin ya sa hannu: ko aikin ya shafi bashi mai ruwa ko caca, ko lokutan taro da mutanen wata nahiya za su bar shi ya yi sallah da buɗa-baki cikin natsuwa. Gara a tambaya tun a intabiyu.

Hukuncin dai a fili yake. Koyo da albashi dalilai ne ingantattu na komawa babban kamfanin fasaha, neman tabbacin aiki kuwa ba dalili ba ne, kuma kada kowa ya rubuta takardar ajiye aiki sai sabuwar takardar ɗauka ta zo hannunsa da sa hannu. Sauran aikin na masu mulki ne. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 don horar da matasa miliyan uku, gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa kuma ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha. Horo ta intanet ba zai amfani wanda ba shi da wuta ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Batsari da Safana da Ɗanmusa, suna iya ware ɗaki ɗaya a kowace hedikwata, mai sola da intanet da maigadi, inda matashi zai zauna ya yi karatu ko ya amsa intabiyu ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa Katsina ba. Ya kamata matasan yankin su nemi wannan a rubuce kafin a kammala kasafin kuɗin baɗi.